Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Sufuri: kafin a ƙaro jirage, a ƙarfafa hannun mai duba su

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Irin wannan gaisuwa ga shugabannin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ANAC, da na hukumar aikin hajji da umra, COHO, tunda maganar da ke tafe da ni ta biyo ta ƙofarsu su ma.

Ni tsohon ma'aikacin jirgin sama ne. Na fara da makanikanci tun kamfanin Air Afrique yana raye, daga baya na koma aikin gwamnati a matsayin sufeto mai duba lafiyar jirage, musamman ɓangaren na'urorin lantarki, waɗanda ke gaya wa matuƙi tsayin da ya kai, gudun da yake yi, inda ya dosa, da abin da ke gabansa cikin duhu ko hazo. Yanzu na ajiye aiki, ina zaune a Yamai. Wannan takarda ba tawa ba ce ni kaɗai. Na rubuta ta da yawun tsofaffin abokan aiki, makanikai da sufetoci, waɗanda in mun haɗu wajen suna ko jana'iza damuwa ɗaya muke maimaitawa. Da yawun ƙannenmu da ke bakin aiki, waɗanda ƙa'idar aikin gwamnati ba ta ba su damar fitowa su yi magana ba. Da kuma yawun fasinjan da ke hawa jirgi da bisimilla bai ma san da mu ba.

A 2019 aka sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, kuma duk wanda ya san yadda yake a da ya san an yi aiki. Tun ƙarshen 2023 ake maganar kafa kamfanin jirgin sama na haɗin gwiwar ƙasashen ƙawancen Sahel, AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso. Kowace shekara kuma ana ɗaukar jirage domin jigilar maniyyata. Duk abin farin ciki ne. Sai dai na kasa kunne ga rediyo da talabijin, na ji ana lissafin jirage nawa za a samo, ina za su riƙa zuwa, nawa ne kuɗin kujera, ban ji an tsaya kan tambayar da ta fi hana mu barci ba: wa zai duba jiragen nan, da wane ilimi, da wane kayan aiki, kuma ranar da ya ce wannan jirgi ba zai tashi ba, wa zai tsaya bayansa?

Ku ba ni dama in maimaita abin da kuka riga kuka sani, saboda sauran masu karatu. Duk jirgin da lambarsa ta fara da 5U, na Nijar ne a idon duniya. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, OACI, ta ɗora wa ƙasar da ta yi wa jirgi rajista alhakin tabbatar da cewa ya cancanci tashi, tun daga ranar da aka shigo da shi har ranar da zai daina aiki. Kamfani ne ke gyara jirginsa, makanikinsa ne ke sa hannu cewa gyara ya kammala. Gwamnati ba ta riƙe sifana. Abin da take da shi shi ne mutumin da ke zuwa da fitilar hannu da alƙalami, ya buɗe littafin jirgi, ya shiga ƙarƙashinsa, ya gwada abin da aka rubuta da abin da ke jikin ƙarfe, sannan ya sa hannu da sunan ƙasa, ko ya ƙi. In wannan mutum bai san aikin ba, ko ya sani amma yana tsoro, to takardar shaidar da ke rataye cikin jirgin ba ta kare kowa.

Damuwarmu ta farko ilimi ce, da riƙe masu shi. Mutane da yawa, har cikin ofisoshi, suna ɗauka sufeto sufeto ne. Ba haka ba ne. Wanda ya ƙware kan inji da gangar jirgi daban, wanda ya ƙware kan lantarki da kwamfutocin jirgi daban; shi ya sa tsarin lasisin makanikai na Turai, wanda ƙasashe da yawa suka ɗauko, ya raba su B1 da B2. Tsagewar ƙarfe ko yoyon mai, ido yana gani. Na'urar da ke faɗin ƙarya kuwa fes take, fitilarta na ci, allonta na haske, lambar da take bayarwa ce kawai ba daidai ba. A watan Oktoba na 2018 jirgin Boeing 737 MAX na kamfanin Lion Air ya faɗa teku a Indunusiya da mutum 189. Cikin dalilan da bincike ya jero akwai wata ƴar na'ura mai auna yadda jirgi ke fuskantar iska, wadda aka ɗaura masa kwana ɗaya kafin hatsarin. Daga wani shagon gyara a Amurka ta fito, da takardunta cif, amma tana ba da kuskuren kusan digiri 21. Daga baya hukumar jiragen saman Amurka ta ƙwace lasisin shagon. In irin wannan ya iya wuce idon ƙasa mai tarin sufetoci, ina ga ƙasashe irin namu?

Ba a yin sufeton lantarki cikin shekara ɗaya ko biyu. Sai ya yi karatu, ya yi shekaru a rumfar gyara yana aiki da hannunsa, ya sami lasisi, sannan a koya masa aikin sufeto, ya bi wani babba yana kallo kafin a sake shi shi kaɗai. Bayan haka kowane samfurin jirgi da nasa karatun. Wanda ya san jirgin ATR bai san Airbus A320 ba sai an tura shi ya koya, ilimin kuma yana tsufa, don masu ƙera jirage ba su daina sauya manhaja. To ranar da mutum ya gama gogewa, ranar ce kamfanoni ke zuwa da albashin da gwamnati ba ta ba shi, wasu na nan yankin, wasu na ƙasashen Larabawa. Ba na ganin laifin wanda ya tafi, yana da iyali. Amma ƙasa ce ta yi asara sau biyu: ta kashe kuɗin horo, ta kuma koma neman wanda zai sa hannu. Tun 1999 OACI ke bin ƙasashe tana binciken yadda suke sa ido kan jiragensu, ma'auninta kuma yana da ginshiƙai takwas. Na huɗu shi ne ƙwararrun ma'aikata da horonsu, kuma yana cikin wuraren da ƙasashe suka fi gazawa. Gazawar ba a takarda take tsayawa ba. Tun 2006 Tarayyar Turai ke da jerin kamfanonin da ta hana shiga sararinta, kuma in ta ga hukumar ƙasa ba ta da ƙarfin sa ido, kamfanonin ƙasar baki ɗaya take sakawa, mai kyau da maras kyau. Sabon kamfani, ko da sababbin jirage ya zo, da darajar sufetocin ƙasarsa za a auna shi.

Ta biyu, kuma nan nake so ku ɗan yi haƙuri da ni in daɗe, ƙasarmu ba ta yi kama da inda aka ƙera jiragen ba. Jadawalin gyaran da ke zuwa tare da jirgi ma'auni ne na gaba ɗaya. Mai aiki da jirgin ne ya kamata ya daidaita shi da yanayin da yake ciki, sufeto kuma ya ƙi amincewa da jadawalin da bai yi haka ba. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40 a inuwa. Jirgin da ke tsaye kan kwalta da ƙofofi a rufe, ɗakin na'urorin da ke ƙarƙashin matuƙa dahuwa yake yi. In hunturu ya shigo, ƙura tana toshe matatun iskar da ke sanyaya kwamfutoci. Kwamfutar da zafi ya dama ba ta mutuwa lokaci guda. Ɗaukewa take yi tana dawowa. A sauka a gwada ta a ƙasa a same ta lafiya lau, a rubuta an gwada ba a ga komai ba, gobe a sama ta sake. Babu mai kama wannan sai wanda ya zauna ya bi shafukan littafin jirgi na makonni, ya ga abu ɗaya yana dawowa da sa hannun mutane daban-daban. Aiki ne na zama da natsuwa, ba na wanda aka ba jirage da yawa a rana ɗaya ba.

Akwai wani siririn bututu a gefen hancin jirgi, bakinsa bai kai kaurin ɗan yatsa ba, da shi jirgi ke sanin gudunsa. A watan Fabrairu na 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya tashi daga Jamhuriyar Dominika bayan ya yi kusan mako uku a ajiye, ya faɗa teku da mutum 189. Bututun ɓangaren babban matuƙi a toshe yake, kuma abin da masu bincike suka fi zargi shi ne zanzaro ya yi ɗakinsa na laka a ciki. Mai girma Minista, zanzaro ba baƙo ba ne a kowane filin jirgi na ƙasar nan. Maganinsa murfi ne mai jan ƙyalle wanda bai kai komai ba, da mutumin da zai tabbatar ana sa shi in jirgi ya kwana, ana cire shi kafin ya tashi.

Ga kuma ma'aunin tsayi. Tun Satumbar 2008, a sararin samaniyar Afirka, jiragen da ke tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000 tazarar ƙafa 1,000 ce kawai ke raba na sama da na ƙasa, wajen mita 300 ke nan. Ma'aikatan ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage a sararin wasu ƙasashen Afirka, da ke cibiyar Yamai suna raba manyan jiragen da ke ratsa mu da dare tsakanin Turai da kudancin Afirka bisa lambar da kowane jirgi ya faɗa musu. In ma'aunin jirgi ɗaya ya kauce, mai kula da sararin ba shi da yadda zai sani, lissafinsa daidai ne bisa abin da aka ba shi. Shi ya sa ake gwada ma'aunin tsayi da na'urar da ke aika shi lokaci-lokaci, shi ya sa kuma sufeto ba ya tsayawa ga ganin an rubuta an gwada. Sai ya nemi shaidar cewa ita kanta na'urar gwajin an daidaita ta kuma wa'adinta bai wuce ba. Haka bayanan hanyoyin sama da ke cikin kwamfutar jirgi, duk kwana 28 ake sabunta su a duniya baki ɗaya. Jirgin da ke yawo da tsofaffi yana iya bin hanyar sauka da aka riga aka sauya.

Damina kuma da nata. Ranar 24 ga Yulin 2014 jirgin MD-83 da Air Algérie ya ɗauko haya daga wani kamfanin Sifen ya tashi daga Wagadugu da dare, yana kauce wa hadari, ya faɗi kusa da Gossi a ƙasar Mali da mutum 116. Na'urorin auna matsin iska a bakin injuna ne ƙanƙara ta toshe, ba a kunna abin ɗumama su ba, kwamfuta ta karɓi lambar ƙarya ta bar injuna da ƙarfin da bai isa ba. Abin da ya fi tsaya mini a wannan hatsari, a matsayina na mai wannan fanni, shi ne na'urar naɗar muryar matuƙa: an same ta, amma abin da ta naɗa bai amfanu ba saboda lahanin da take da shi. Iyalai suka rasa sanin abin da aka faɗa a mintunan ƙarshe, masu bincike suka rasa rabin shaidarsu. Sauraron wannan na'ura a kai a kai yana cikin ayyukan gyara da sufeto ya kamata ya nemi hujjarsu. Irinta ce na'urar da ke aika kiran agaji in jirgi ya faɗi. Tun Fabrairun 2009 taurarin ɗan Adam na ceto suka daina sauraron tsohon zangon 121.5, sai 406, kuma sai an yi mata rajista da sunan jirgin, batirinta bai ƙare ba. A ƙasar da ke da hamadar Tenere wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Satumbar 1989, da jirgin kamfanin UTA na Faransa ya tarwatse a can da mutum 170, bam ne sanadi ba gyara ba, amma sai washegari aka gano inda tarkacensa yake. Ƙaramin jirgin da ya sauka dole tsakanin Agadas da Dirku da mutane a raye, awoyin nan su ne rayuwarsu.

Damuwa ta uku takarda ce, da yadda ake wasa da ita. Doka ta yarda jirgi ya tashi da wasu na'urori a lalace, bisa wani jeri da hukuma ta amince da shi, mai sharuɗɗa da wa'adi: wasu kwana 3, wasu kwana 10, wasu kwana 120. Tsari ne mai kyau, ba don shi ba da jirage sun riƙa kwana a ƙasa saboda fitila ɗaya. Amma nan ne kamfanin da kuɗi suka yi wa ƙaranci ke fakewa. Na taɓa hawa wani jirgin haya na wani kamfanin waje a farkon damina. A littafi an rubuta cewa radar mai nuna hadari ya lalace, an ɗage gyaransa bisa ƙa'ida. Da na koma shafukan baya sai na ga an rubuta an gyara shi ranar da wa'adi ya cika, washegari an rubuta ya sake lalacewa, an buɗe sabon wa'adi, haka aka yi ta yi. Na nemi takardar kayan da aka canja, babu. Tafiyar kuma ta dare ce, masu hasashen yanayi sun ce akwai hadari a hanya, sharaɗin ɗagewar ma bai cika ba. Na rubuta cewa jirgin ba zai tashi ba. Ban gama sauka daga matakala ba waya ta fara ƙara: wannan ya ce akwai manya cikin fasinjoji, wancan ya ce in tuna ina da ƴaƴa a makaranta. Allah ya sa wanda ke sama da ni a lokacin mutum ne mai tsayuwa, ya ce abin da na rubuta shi ne. Aka kawo kayan daga waje, aka ɗaura, jirgi ya tafi lafiya bayan jinkiri. Na gode masa har yau, amma bai kamata ran fasinja ya rataya ga halin mutum ɗaya da aka yi sa'ar samu a kujera ba. Doka ce ya kamata ta riƙe wannan, yadda ko wa ke kujerar sufeto zai san ƙin sa hannu ba zai ci masa aiki ba.

Kayan gyara ma haka. A 2023 aka gano wani dillali a Landan yana sayar da kayan injin CFM56, wanda ke jikin ɗimbin jiragen Boeing 737 da Airbus A320, da takardun jabu, har manyan kamfanonin duniya suka riƙa sauke jirage suna cire su. Inda kuɗin waje ke wahalar samu kuma kaya ke daɗewa a hanya, jarabar sayen mai araha ta fi ƙarfi. Sufeton da bai iya bin asalin takardar kaya har zuwa wanda ya ƙera ko ya gyara shi ba, za a wuce da jabu ta gabansa.

Sai jigilar alhazai, wadda ita ce ta sa na kasa yin shiru. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ɗauke da alhazai. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Makaniki ya sani, ya nemi iskar nitrojin ya ƙara, ba a samu nan take ba, wanda ke kula da jigilar ya ce a bari kada a makara. Bincike ya gano har an sauya lambobin awon iskar a takarda. Tayoyi suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun jirgi da wutar zuwa cikinsa. Ya juyo zai sauka bai kai ba. Mutum 261, babu wanda ya fita. Mafi yawansu ƴan'uwanmu ne na tsallaken iyaka, masu harshe ɗaya da mu, sun gama ɗawafin bankwana suna ɗokin gida. Ba wata na'ura mai wuyar fahimta ce ta kashe su ba. Gaggawa ce, da takardar ƙarya, da rashin wanda ke da ikon cewa a tsaya.

Duk abin da ya haɗu a wannan rana yana iya haɗuwa a kowace jigilar hajji: jirgin haya mai rajistar wata ƙasa, ma'aikata daga wata, dillali a tsakiya, jadawali matsattse, zafin Jidda, da dubban mutane a sansani suna jiran a kira sunansu. Nijar tana da kujeru sama da 15,000. Jirgin da ba namu ba, ƙasar da ta yi masa rajista ce ke da alhakin lafiyarsa, amma sau da yawa tana nesa, ba ta ganinsa watanni. Sashe na 16 na yarjejeniyar Chicago ya ba mu ikon bincikar kowane jirgin waje da ya sauka ko zai tashi daga ƙasarmu, mu duba takardunsa. Sai dai binciken minti talatin a gindin jirgi, fasinjoji na kan layi da jakunkunansu, ba ya nuna tarihin gyara. Kuma wane sufeto ne zai iya tsayar da jirgi a wannan lokaci, tsofaffi sun kwana a fili, ana cewa za a rufe filin Jidda? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura abu biyu da zan taɓa a gurguje. Jirage ba a Yamai kaɗai suke sauka ba. Akwai Tawa, Agadas, Damagaram, Maraɗi da Difa, ga ƙananan jiragen kamfanonin ma'adinai da na man fetur da na ƙungiyoyin agaji. Wurin da aka san sufeto ba ya zuwa sai da sanarwa, ranar zuwansa kaɗai ake shirya wa. Kuma duk inda kamfanin da za a bincika shi ne ke sayen tikitin sufeto, ya biya masa masauki da abinci hannu da hannu, kunya kaɗai ta isa ta rage kaifin idonsa. Na biyu, makaniki. Shi ne ke fara ganin matsala, shi ne kuma ake matsa wa ya sa hannu. In ba shi da ƙofar da zai kai magana a asirce ba tare da ya rasa abincinsa ba, shiru zai yi.

Don haka, Mai girma Minista, ga abin da muke roƙo.

Kafin a yi wa wani sabon samfurin jirgi rajistar 5U, ko a ba sabon kamfani izinin aiki, a tabbatar akwai sufetocin inji da na lantarki da aka horar kan wannan samfurin, a kuma sa horonsu cikin yarjejeniyar sayen jirgin ko hayarsa tun farko. A ba sufetoci matsayi na musamman da albashin da zai iya gogayya da na kamfanoni, daga kuɗin harajin da sufurin sama ke shigarwa, su kuma su ɗauki alkawarin yin wasu shekaru bayan kowane horo. Kuɗin tafiyar bincike ya bi ta asusun hukuma, kada ya fito daga hannun wanda ake bincika zuwa hannun mai bincike.

A rubuta cikin doka, a fili, cewa sufeto mai katin aiki yana da ikon hana jirgi tashi nan take, kuma ba mai ɗage wannan hani sai a rubuce, da sunansa, da hujjar fasaha. Wannan shi ne roƙon da ba ya cin ko dala, kuma shi ne mafi girma a wurinmu. Wanda zai yi waya ya ce a saki jirgi, in ya san sai ya sa sunansa a takarda, zai sake tunani. A haɗa da kariya ga sufeto daga canjin wurin aiki ko ladabtarwa saboda hukuncin da ya yanke bisa ƙa'ida.

Game da hajji, muna roƙon kada a sa hannu kan kwangilar jigila sai sufetocinmu sun je inda jiragen suke, watanni kafin tafiya, sun ga jiragen da lambobinsu, sun karanta tarihin gyaransu, sun san wace ƙasa ce ke sa musu ido. A sa cikin kwangila cewa ba a musanya jirgi da wani sai an sake dubawa, cewa akwai tayoyi da nitrojin da muhimman kayan gyara a Yamai da kuma can Saudiyya, kuma jadawali ya bar sarari don gyara. A ajiye sufeto ɗan ƙasa a Jidda da Madina har jirgin ƙarshe ya dawo, don lokacin komowa ne gajiya da gaggawa suka fi yawa.

A ware kuɗin zuwa filayen cikin ƙasa ba tare da sanarwa ba, har da dare. A buɗe hanyar kai rahoto a asirce ga makanikai da matuƙa, kamar yadda ƙa'idojin OACI na kula da kariya, waɗanda suka fara aiki a 2013, suka tanada. Masu binciken hatsari su kasance daban da masu ba da izini, a kuma riƙa fitar da taƙaitaccen sakamako ga jama'a cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, ba Faransanci kaɗai ba.

Batun horo kuwa, ba daga sifiri za mu fara ba. Makarantar EAMAC ta ASECNA tana nan Yamai tun 1963, tana horar da masu kula da sararin sama da masana yanayi da injiniyoyin lantarki na ƙasashen Afirka da dama. Ɗalibin da ya fito da tushen lantarki daga irin wannan makaranta rabin hanya ya yi. A nemi ASECNA a ga yadda za a ƙara masa ɓangaren na'urorin cikin jirgi. Kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da makanikai, kuma kusa take. Inda ƙasa ɗaya ba za ta iya riƙe ƙwararre kan kowane samfuri ba, a yi tarayya: in har Nijar da Mali da Burkina Faso za su haɗa jirage, su fara haɗa sufetoci, a kuma yi amfani da tsarin aron sufetoci na hukumar jiragen saman Afirka, CAFAC, da na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA. A buɗe ƙofar ga ƴan mata masu karatun lantarki a jami'o'inmu, aikin nan natsuwa yake so ba ƙarfin damtse ba.

Mu da muka ajiye aiki muna nan da sauran ƙarfinmu. In hukuma ta ga dama, a shirye muke mu zauna da matasan sufetoci, mu bi littattafan jirage tare da su, mu raka su gindin jirgi, ba tare da neman muƙami ba. Muna kuma roƙon ku ba mu lokaci, mu da wakilan makanikai, mu zo ofishinku mu yi bayanin waɗannan abubuwa baki da baki kafin a rufe kwangilar jigilar hajji mai zuwa.

Allah ya yi muku jagora, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya. Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon sufeton lafiyar jiragen sama,
Yamai.